Girkina, Sunan Umma

Kafin in fara, abu ɗaya nake roƙon ku, ku masu karanta ni: kar wanda ya zagar min uwa a ƙasan rubutun nan. Ni da abin ya faɗa wa ban zage ta ba. In kun gama ranku ya ɓaci, ku haɗiye kamar yadda nake ta haɗiyewa tun ranar Asabar.

Shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a wani kantin magani daga safe zuwa ƙarfe uku, kuma kaf unguwarmu an san ni da abu ɗaya: ban iya girki ba. Ba maƙiyi ne ya yaɗa ba, Umma ce da bakinta. Tun ina 'yar firamare, in na leƙa kicin sai ta ɗaga min ludayi.

"Fita min, 'Yar Biro. Je ki yi karatunki, wannan hannun ba na tukunya ba ne."

Sunan ya bi ni har yau. In baƙi sun zo, da ni ake buɗe hira. Umma ta ce ko ruwan zafi na ɗora sai ya ƙone, a kwashe da dariya, ni ma in taya su, don a lokacin gaskiya ce kuma ba ta dame ni ba.

Ita kuwa Gwana ake ce mata. Umma ba ta yi makaranta ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma in ta ɗora tukunya mai wucewa a titi sai ya rage sauri. In an yi haihuwa a layinmu, ko wani ya kwanta asibiti, kular Gwana ake jira, wata babbar kula ja mai hawa uku. Da Abba ya rasu, Yayana kuma aiki ya kai shi nesa, abin da ya rage mata uku ne: ni, gidan nan namu mai ɗaki uku, sai wannan sunan.

Shekara biyu ke nan da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Ɓarin jikinta na dama ya taɓu. Allah Ya kawo abin da sauƙi, ƙafa ta dawo, magana ta dawo, wanda ya gan ta zaune ba zai ce wani abu ya same ta ba. Hannun dama ne ya ƙi dawowa, ko cokali ta ɗaga sai ya kama rawa. Harshenta kuma ya daina bambance gishiri da sukari. Mutane muka ce musu zazzaɓi ne mai zafi. Ranar da aka sallamo mu ta sa na rantse mata.

"In Yayanki ya ji, zuwa zai yi ya kwashe ni. In koma ɗakin baƙi a gidansa, in zauna ina jiran matarsa ta miƙo min abinci, ana cewa Allah sarki Gwana. Gara a kai ni kusa da Abbanku."

Yaya a wani gari yake aiki, sau biyu yake zuwa a shekara. Na rantse, ban ma tsaya tunani ba.

Kar ku ce ba ta gwada koya min ba, ta gwada, na kwana uku. Ta zauna a kujera a bakin kicin tana ba da umarni.

"Zuba gishiri."

"Nawa, Umma?"

"Daidai."

"Daidai ɗin nawa ne?"

"Hannu ne ke sani."

"Nawa hannun bai sani ba."

A rana ta uku na ba ta miya ta ɗanɗana, na manta da matsalar harshenta. Ta juya ta a baki, ta sake juyawa, sai ta yi jifa da ludayin ya daki bango. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ina jin kukanta. Tun daga ranar ba ta ƙara taka kicin ba. Sati biyu muka yi a kan burodi da shayi da ƙwan da ke fitowa baƙi ta ƙasa, ruwa-ruwa ta sama.

Wata rana na dawo aiki a gajiye, ina ta canza tasha, sai na faɗa kan wata mata mai jan ɗankwali da farar rigar girki, tana yanka albasa tana murmushi kamar ba albasa ba. Na ji ta ce, "Gishiri, ƙaramin cokali ɗaya da rabi." Wallahi sai da na miƙe zaune. Ashe akwai wanda ke faɗin nawa!

Daga ranar na zama ɗalibarta ba ta sani ba. Malamata nake ce mata. Shirin ƙarfe huɗu yake farawa, Litinin zuwa Alhamis, don haka ina tashi daga aiki nake kama hanya, ko jakata ban ajiye ba nake kunna talabijin. Wani tsohon littafi da kamfanin magani ya raba mana na mayar na girki, rubutu nake kamar mai shirin jarrabawa. Na sayi cokulan awo masu zobe ɗaya da ƙananan kwanoni goma sha biyu, don Malamata ba ta kunna wuta sai ta jera komai a yanke a gabanta. Na ƙona tukwane biyu, na yanke yatsa ya fi sau goma. Abin da ya fi ba ni haushi, in ta rufe tukunya sai ta yi murmushi ta jawo wata daga gefe ta ce, "Ga wadda na dafa tun ɗazu." Ni kuwa ba ni da wata ta tun ɗazu, sai hayaƙi da yunwa.

Umma na zaune a falon, ta juya wa talabijin baya tana jan carbi da hannun hagu.

"Abincin talabijin," take cewa. "Sai kyan ido."

Amma tana ci, tana kuma kallon fuskata in ina ci, ta nan take gane ya yi ko bai yi ba. Wata na shida ina koyo 'yar maƙwabciyarmu ta haihu. Umma ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "A wanke jar kula." Na dafa, aka kai da sunanta. Washegari mai jegon ta aiko, uwarta ta zo da kanta.

"Gwana, kin sake salo! Wannan kazar fa?"

"Ɗan gwaji ne na yi," in ji Umma, tana gyara mayafin da ya rufe hannun. "Ita kuwa wannan sai wankin kwano, shi ma sai an bi baya."

Na yi dariya tare da su, amma ranar dariyar ba ta wuce haƙorana ba. Tun daga nan jar kula ta ci gaba da fita, ni da gumi, Umma da godiya. Na ce a raina ba komai, rufin asirinta ai nawa ne.

Sai ga Dogo. Wata Talata ana tsakiyar shiri, Malamata ta ɗaga murfin tukunya ke nan, talabijin ya yi ƙyas ya mutu. Ko takalmi ban sa daidai ba na yi shagon gyara na bakin layi. Mai shagon kowa Injiniya yake ce masa, ni na sa masa Dogo don sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar falonmu. Ya kwance bayan talabijin ɗin, ni ina tsaye a kansa ina duba agogo.

"Wai wane shiri ne haka kike tsoron ya wuce ki?"

"Fim ne," na ce.

"Fim da biro da littafi?"

Na ɓoye littafin a bayana. Umma ta ce a zuba wa Injiniya abinci, na kawo masa taliya da kifi. Loma uku ya yi ya fara santi, har da cewa shi daga yau ya yafe kuɗin gyara a gidan nan har abada. Cikin sati biyu sau huɗu ya dawo duba waya, wayar da lafiyarta ƙalau. A dawowa ta biyar ya daina wahalar da kansa, ya ce ni ya zo dubawa.

Ku da kuka taɓa so kun san yadda abin yake. Mutum ne mai sanyin magana, hannunsa kullum da ƙanshin dalma, kuma ba ya raina aikin kowa. Saƙonninsa har yanzu suna wayata.

"Na ci girkin Umma yau. Ina neman aiki a gidanku."

"Aikin me?"

"Kankare tukunya. Ba na son albashi."

Wata rana kuma ya turo: "Kar maganar girkin nan ta dame ki. Ba don tukunya nake son ki ba. In ta kama mu rayu a kan burodi, ni na iya haɗa shayi."

Na daɗe ina kallon saƙon. Tausayina yake ji a kan abin da ba haka yake ba, kuma abincin da ya ci awa biyu da suka wuce ni na tsaya a kansa. Na rubuta "Ni ce na dafa", na goge. Sau nawa na rubuta kalmomin nan uku cikin wata takwas, Allah kaɗai Ya sani.

A gefe kuma ga dangi. Gwaggo, ƙanwar Abba, duk Juma'a sai ta kira ta lissafa min ƙawayena da 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuwa cewa ya yi in na bari wannan ma ya kuɓuce, to in san matsalar daga ni take. Bai yi ƙarya ba, biyu sun zo a baya, duka biyun iyayensu sun yi tambaya a unguwa, aka ba su labarin ruwan zafin da ke ƙonewa.

Maman Dogo ma ta yi tambaya, an kuma ba ta. Sai dai ita tsohuwar shugabar makaranta ce, ba ta aiki da an ce. Ta aiko cewa kafin manya su shiga maganar za ta zo ta gan ni da idonta, ranar Asabar da rana.

Ranar Juma'a da na dawo aiki na durƙusa a gaban Umma, na dafa gwiwarta.

"Umma, gobe kawai. Ban ce ki faɗi komai a kan hannunki ba. Ki ce kin koya min, ki ce ni na dafa a ƙarƙashin idonki. Sunanki ne zai ƙara sama."

Ta ja carbi ɗaya, biyu, uku.

"Allah Ya kai mu."

Na ɗauki wannan a matsayin to. Wautata ke nan ta farko.

Ƙarfe bakwai na safe na shiga kicin. Kaza na jiƙa da tafarnuwa da citta da ruwan lemun tsami, shinkafa da karas da koren wake, sai miyar da na fi ji da ita, wadda Malamata ta yi sati uku da suka wuce, ta tumatir da ake gurza ɓawon lemun zaƙi a kai in an sauke. Na share falo, na canza rigunan kujeru zuwa masu ruwan madara, na goge hoton Abba, na lulluɓe talabijin da ƙyallensa kamar ba ruwan kowa da shi. Na yi wanka na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi baƙi, kwalli kawai na zizara. Umma ta sa shuɗin leshinta, ta yafa babban farin mayafi, ta naɗe hannun dama a ciki kamar mai jin sanyi.

Wautata ta biyu a wajen zubawa na yi ta. Umma duk rayuwarta a babban faranti take tula abinci, nama a sama, kowa ya ɗiba. Ni kuwa hannuna ya riga ya saba. Na danna shinkafa a kofi na kife ta a tsakiyar faranti, na jingina cinyar kaza a gefe, na zagaya da miya, na ɗora ganye ɗaya a kai, na bi bakin farantin da tsumma na goge. Kowa da nasa. Ban ga komai a ciki ba, ni a wurina haka abinci yake.

Dogo ya sauke su ya koma shago. Maman tasa gajeriya ce, abin mamaki, da tabarau mai sarƙa a wuya da jaka a hammata. Ta zo da ƙanwarta, wata mai jiki da yawan dariya, irin matan da kafin su zauna sun ƙirga kujerun gida. Na durƙusa na gaishe su.

"Sannu 'yata. Ke ce ta kantin magani?"

"Ni ce, Mama."

Na jera faranti. Ta ɗora tabarau a hanci ta kalli nata ta daɗe.

"Ikon Allah. Kamar a talabijin."

Umma ta yi murmushi ta ce zamani ne, dole a bi shi. Suka ce ta matso a ci tare, ta ce ita ƙanshin ma ya ƙosar da ita tun a kicin. Ƙanwar ta kai loma ta lumshe ido.

"Wayyo Gwana! Ashe ba a faɗi rabi ba. Yaya, ji miyar nan, don Allah ji."

Mama ta ci a nutse, tana taunawa kamar mai duba takardar jarrabawa.

"Akwai wani ƙanshi da ke zuwa daga ƙarshe. Me kika sa?"

"Kanumfari ne," in ji Umma, kai tsaye. "Ɗan kaɗan."

Babu ko ƙwayar kanumfari a gidanmu. Na sunkuyar da kai ina zuba musu ruwa.

"Kanumfari," Mama ta maimaita. Sai ta juyo gare ni. "Ita 'yar tamu fa? Da hannunta a ciki?"

Jama'a, ban taɓa kallon mutum da roƙo irin yadda na kalli Umma a lokacin ba. Ta gan ni, na tabbata ta gan ni. Ta kalli ƙanwar nan da ke suɗe cokali, ta kalli hoton Abba, sai ta saki dariyar nan tata ta baƙi.

"Wa? 'Yar Biro? Ai wannan ko albasa kika ba ta sai ta nemi takardar bayani. Ni ba zan rufe ku ba, kar gobe a ce Gwana ta yi ha'inci. Tarbiyya akwai, karatu akwai, amma tukunya sai dai ku yi haƙuri da ita."

Ƙanwar ta tuntsire har da tafa cinya. Ni kuma ruwan da nake zubawa ya cika kofi ya malala a kan tebur.

"Kun gani ko?" in ji Umma.

Ban san yadda na kai kicin ba. Na jingina da firij, na cusa mayafi a baki don kar a ji ni. Ba kunya ce ta fi ci na ba, na saba da kunya. Abin da ya ƙona ni shi ne yadda maganar ta fito mata sumul, babu ko gargada, ga ƙunar mai a bayan hannuna ko hucewa ba ta yi ba.

Ina share ido na ji takun takalmi. Mama ce, wai hannu za ta wanke, ta ƙi a kai mata ruwa falo. Ta tsaya a ƙofa tana bin kicin ɗin da kallo: ƙananan kwanonina a jere, cokulan awo a rataye, littafina a buɗe a kan firij da tabon mai a shafinsa. A kan katakon yanka kuma ga lemun zaƙi guda biyu, an gurje musu baya sun yi fari-fari. Ta ɗauki ɗaya tana juyawa.

"Talatar sati uku da suka wuce," ta ce. "Ni ma shirin ba ya wuce ni tun da na ajiye aiki. Na gwada miyar nan, tawa ɗaci ta yi, sai zubarwa na yi."

"Kin gurza har farin ne, Mama. Saman kawai ake ɗauka, kuma sai an kashe wuta."

Sai da maganar ta gama fita na ji abin da na faɗa. Na kama bakina, amma ina amfani. Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta.

"Haka ne?"

"Haka... haka na ji Umma na faɗa."

"Ummanki kanumfari ta ce."

Ta wanke hannunta a nutse, ta goge da tawul, ta ninke shi ta mayar inda ta ɗauka.

"Shekara talatin ina raba yara faɗa, na san fuskar mai rufa wa wani. Ban san me ke tsakaninku ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma ɗana ba zai auri macen da ba za ta iya ciyar da shi ba, ni kuma ba na yanke hukunci a kan zato. Ido nake so ya gani."

Da ta koma falo, a gaban ƙanwarta ta faɗa. Asabar mai zuwa in je gidanta in dafa wannan abincin, shi ɗin dai, a kicin ɗinta, 'yan'uwanta mata duk za su hallara. Ta ce 'yar da ta tashi a gidan Gwana ba za a ce ko kallo ba ta yi ba. Umma ta ce ai shi ke nan, Allah Ya kai mu.

Ko minti ashirin ba su yi da tafiya ba saƙon Dogo ya shigo.

"Mama ta gaya min. Ta ce in kin dafa, manya su zo cikin watan nan. In ba ki iya ba a bar maganar. Na yi mata magiya ta ƙi, kin san ta."

Kafin in amsa wani ya biyo baya.

"Ki roƙi Umma ta koya miki wannan ɗin kawai. Kwana bakwai ne. Na san za ki iya, ke fa mai ƙwaƙwalwa ce."

Na kife wayar a kan firij na hau wanke-wanke. Ban ɓoye muku ba, a ƙasan baƙin cikin nan wani daɗi ya fara tsirowa. Miyar nan ko ido a rufe zan yi ta. Asabar ɗaya tak, in tsaya a gaban mutane in dafa abu da sunana.

Bayan la'asar na ji motsi a bayana. Umma ce a cikin kicin, ta cire leshin ta sa tsohuwar rigarta ta gida. Ta jawo kujerar roba da ƙafa ta zauna, tana kallon kwanonina kamar baƙuwa.

"Me ya sa, Umma?" na ce, ban juyo ba. "Kalma ɗaya na roƙe ki."

"Bakina ne ya riga ni."

"Ba bakinki ba ne. Kin kalle ni kafin ki faɗa."

Ruwa na zuba a kan farantin da na riga na ɗauraye sau biyu.

"Kin ga ƙanwar nan tata?" ta ce can. "Bakinta ba ya rufuwa. Na ce ba ki iya ba, na ce kanumfari. In kika je kika dafa shi yadda kika dafa yau, kafin magariba unguwa ta gama ji, kafin Lahadi Yayanki ya ji. Duk kular da ta fita daga gidan nan tun bayan ciwona sai an dawo da ita ana dariya."

"To ni fa?"

"Ke yarinya ce. Wani zai zo."

"Ashirin da bakwai, Umma! Wannan ne na uku. Kuma wannan ɗin ina son sa."

Ban taɓa faɗa mata haka da baki ba. Na zaci za ta yi faɗa, sai kawai ta zaro hannun daga cikin riga, hannun da ko ni ba ta cika bari in gani ba. Ya rame, yatsun sun lanƙwashe. Ta ɗora shi a wuyan hannuna mai kumfa, ina jin rawarsa har kafaɗata.

"In kin tafi, ranar da aka yi haihuwa a layin nan me zan ce musu?"

Sai a lokacin na gane. Ko da Mama ba ta tambayi ƙanshi ba, ko da ban kife shinkafa da kofi ba, amsar Umma ɗaya ce. Ba Asabar take tsoro ba, ranar da za a fitar da akwatina daga gidan nan take tsoro.

"Ban ce ki ƙi zuwa ba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ki je, ki gaishe su da ladabi, ki dafa. Amma ki bar shinkafar ta kama, ki sake hannu a gishiri. Ba wanda zai yi mamaki, an san ki."

Na tsaya ina kallon ta. Uwata ce, ita ta yi ta tsayuwa a gaban wuta har na gama makaranta, ban taɓa kwana da yunwa ba. Na so in tsane ta ko na minti ɗaya ne in samu sauƙi, abin ya ƙi.

Wayata ta yi ƙara a kan firij. Na goge hannu ɗaya a jikin riga na ɗauko.

"Kin yi mata maganar? Ta yarda za ta koya miki?"

Umma ba ta iya karatu ba, amma ta san hotonsa.

"Shi ne?"

"Shi ne. Yana tambaya ko kin yarda za ki koya min."

Ta gyaɗa kai.

"Ce masa na yarda. Gobe za mu fara. Matar nan idonta a buɗe yake, in kika ɓata shi da garaje za ta gane da gangan ne. Sai na nuna miki yadda wadda ba ta iya ba take yi."

Ban ce mata to ba, ban kuma ce a'a ba. Hannunta na nan a kan nawa, da ɗaya hannun na rubuta masa, "Ta yarda."

Nan take ya amsa: "Alhamdu lillahi! Ki ce ina godiya. Wallahi kin yi sa'ar uwa."